Panda, Othaim, BinDawood ko LuLu: yadda ake cefanen wata a Saudiyya ba tare da riyal ya zurare ba

Tambayar da sabon zuwa ya fi yi wa 'yan'uwan da ya tarar a Jidda ko Makka ko Riyad ita ce, wane kanti ne ya fi araha? Babu kanti guda da ya riƙe wannan kambun. Wanda ya karya farashin shinkafa a wannan makon yana iya zama shi ne mafi tsadar kaza, ranar Laraba mai zuwa kuma lissafin ya juye. Mai rage kashe kuɗi shi ne wanda ya san farashin kilo da lita na abin da gidansa ke ci, ya kuma san kayan da ake saye a babban kanti da waɗanda ba a saye a can ko da an rubuta rangwame da jan fenti.

A fara daga gida

Ɗauki wata guda kana adana kowace fatura, wato rasit, har da ta baƙala, ƙaramin shagon da ke ƙasan gidanku. Ƙarshen wata ka baje su a tabarma. Yawancin gidajenmu za su tarar kuɗin ya tafi ne a abubuwa goma sha biyu zuwa sha biyar: shinkafa, man girki, kaza, nama, madara, sukari, ƙwai, tumatirin gwangwani, albasa, taliya, ruwan sha, garin wanki, sai famfas idan akwai goyo. Gishiri da ashana da dunƙulen miya ko an ninka kuɗinsu ba za su girgiza aljihu ba, kada ka ɓata lokaci a kansu.

A gaban kowane ɗaya rubuta kuɗin kilo guda, ko lita guda, ko ƙwaya guda. Rubuta farashin da aka saba da kuma mafi ƙanƙantar da ka taɓa samu, ka ajiye a waya. Da wannan 'yar takardar za ka riƙa auna duk wani rangwame da aka ɗaga maka.

Ka kuma san lissafin dariba, wato harajin da ake ɗorawa a kan kaya. An fara shi da kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, aka ɗaga shi zuwa 15 ranar 1 ga Yulin 2020. Farashin da ke manne a kanta ya riga ya haɗa da shi, haka doka ta ce. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen 'yan sari masu faɗin farashi da baki. Mutum ya ce maka kwali riyal 200, ka yi murna, fatura ta fito da 230. Tambaya ɗaya ce ke hana wannan, kuma a yi ta kafin a ɗora kaya a mota: "Shamil dariba?", wato har da haraji?

Halin kowane kanti

Othaim, wanda asalinsa ya faro a Riyad a 1956, kantin unguwa ne mai rassa barkatai, musamman a Riyad da yankin Ƙasim, ko da yake ya bazu har yamma. Ƙarfinsa a busassun kaya yake: buhun shinkafa, sukari, mai, wake, kwalin kaza daskararriya. Yana da wasu rassa na jumla inda ake sayar da kwali-kwali. Mafi yawan rangwamensa mai tsoka an ɗaure shi da katin Iktissab, don haka wanda ya shiga ba shi da rajista zai ga farashi ɗaya a kanta, ya biya wani a wajen kashiya, ya ɗauka an cuce shi, alhali ƙaramin rubutun ne bai karanta ba. Rajistar da lambar waya ake yi, a gama ta kafin a fara cika arabiyya, wato keken zuba kaya. Othaim ya kuma shahara da rangwamen ranar Litinin a kan ɗanyun kaya, kayan lambu da nama da kaza. Yana da kayan da ake yi masa da sunayensa na kansa, irin su Haley, kuma a abubuwa kamar tishu da gwangwanin wake bambancinsu da masu babban suna bai kai bambancin kuɗin ba.

Panda ya faro a Riyad a 1978, yanzu kuma na kamfanin Savola ne mai hedikwata a Jidda. Savola ɗin nan shi ne mai man Afia da Al Arabi da sukarin Al Osra, saboda haka ba abin mamaki ba ne ka riƙa ganinsu a shafin farko na takardar rangwamen Panda. A bambanta ƙaramin Panda da HyperPanda. Babban shi ne mai tukwane, barguna, kayan lantarki da tufafi, kuma wani rangwamen a babban kaɗai yake aiki. Ga mazaunin Jidda ko Makka da ke son yin cefanen wata a tafiya ɗaya, babban Panda ne ya fi dacewa a fara gwadawa.

BinDawood ɗan Makka ne, a can ya buɗe kantinsa na farko a 1984, kuma duk alhajin da ya zauna kusa da Harami a Makka ko Madina ya san shi. Danube ƙaninsa ne, gida ɗaya suke tun 2001, amma ba mutane ɗaya suke nema ba. Danube na masu son cukun Turai da burodi mai kyau da fili mai tsari ne, kuma ana biyan kuɗin wannan jin daɗin a cikin farashi. BinDawood ya fi kusa da talaka da baƙo. Rassansa na bakin Harami suna da fa'ida guda babba: farashi a rubuce yake, babu mai duban ihraminka ko jakar hukumar alhazai ya ƙara maka. Illarsu cunkoso, musamman bayan sallar Isha.

LuLu daga Abu Dhabi ya zo, mai shi Yusuff Ali mutumin jihar Kerala ne ta Indiya, kuma wannan asalin yana bayyana a sashen kayan lambu. Nan ne Bahaushe ya fi samun abin da ya yi kama da na gida: rogo, kwakwa, ɗanyar kuɓewa, barkono mai zafi, 'ya'yan zogale, ganye irin alayyafo, kifi kala-kala. A yi hattara da abu ɗaya. Abin da ake kira doya a irin waɗannan kantunan sau da yawa wata dunƙulalliyar saiwa ce ta Indiya mai suna suran, ba ta dakuwa ta yi sakwara, kuma idan ba ta dahu sosai ba tana ƙaiƙayin maƙogwaro. Doyarmu doguwa ce, a kantunan 'yan Afirka ake nemanta. Kayan yaji da shinkafar Indiya ma LuLu na da su iri-iri. Nesto kusan tafiyarsu ɗaya da LuLu, ya fi yawa a Riyad da gabashin ƙasar, ma'aikata 'yan ci-rani sun fi cika shi.

Sauran a taƙaice. Carrefour na Faransa ne, kamfanin Majid Al Futtaim ke tafiyar da shi a nan, kayan da ke ɗauke da sunansa sukan yi sauƙi. Tamimi na masu neman kayan Amurka ne, ba wurin sayen buhun shinkafa ba ne ga mai lissafi. Al Raya a yamma da kudu, Farm a gabas, matsakaita ne da ake shiga don kusanci. Masu suna Dukan kuwa ƙananan kantunan rangwame ne a unguwannin Jidda da kewaye, kayansu ba su da yawan iri, amma suna tare cefanen tsakiyar mako da a da baƙala ke cinyewa.

Hukuncinmu a kan wannan shi ne, gida ɗaya kantuna biyu sun ishe shi, ɗaya na busassun kaya sau ɗaya a wata, ɗaya na ɗanyun kaya duk mako. Bin kanti huɗu don tsirar da riyal bakwai asara ce idan aka sa kuɗin tasi da man mota. A Riyad, tun da jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a Disambar 2024, ƙaramin cefane ya yi sauƙin zuwa, amma buhu mai kilo 40 dai sai mota.

Yadda rangwame ke zagayawa

Mafi yawan manyan kantunan nan suna sabunta takardar rangwame ranar Laraba, ta yi aiki har Talata. Ba sai ka zagaya karɓar takardu ba, manhajoji irin su D4D da ClicFlyer suna tara su wuri ɗaya. Daren Talata ko safiyar Laraba ka buɗe, ka duba abubuwanka goma sha biyar kawai, ka rufe. Wanda ya tsaya kallon shafi arba'in zai fito da sha'awar abin da bai taɓa buƙata ba, kuma don haka aka yi takardar.

A shekara akwai lokutan da rangwame ke yin nauyi: watan Sha'aban gabanin azumi, kwanakin albashi wajen 27 ga watan Bature lokacin da ake biyan ma'aikatan gwamnati, ranar ƙasa 23 ga Satumba, ranar kafuwar daula 22 ga Fabrairu, lokacin komawa makaranta, da garaɓasar watan Nuwamba. Na Sha'aban shi ne na abinci: mai, shinkafa, madara, alkamar shurba, fallen sambusa, Vimto. A yi sayayyar azumi a farkon Sha'aban ko tsakiyarsa. Kwana ukun ƙarshe layin kashiya kan kai tsakiyar kanti, kuma abin da aka fi nema ya ƙare. Na Satumba da Nuwamba sun fi amfani ga mai neman firji ko waya.

Ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin hoto su ne ainihin sharaɗin. "Habbatain li kulli amil" na nufin guda biyu kacal kowane mai saye zai samu a wannan farashin, na uku ya koma kuɗinsa na asali ba tare da kashiya ya ce maka komai ba. "Hatta nafadil kammiyya" na nufin har kaya su ƙare, shi ya sa zuwa ranar Laraba ko Alhamis da safe ya fi zuwa ranar Litinin. Akwai kuma rangwamen kwana ɗaya ko uku a cikin takardar mako, da kwanan watansa a gefe. Sai a raba tsakanin "wahid za'id wahid", saya ɗaya a ba ka ɗaya, wanda rabin kuɗi ne na gaske, da "na biyu a rabin kuɗi", wanda idan ka lissafa kashi 25 ne kawai a kan guda biyun.

A ƙananan shaguna da allunan da aka rubuta da hannu za ka ci karo da lambobin Larabci. Wanda ya saba duba lambar shafi a Alƙur'ani ba shi da matsala. Wanda bai saba ba ya riƙe cewa biyar zagaye ne kamar sifirin boko, sifiri ɗigo ne, shida kuma ya yi kama da bakwai na boko. An sha ɗaukar 65 a matsayin 70 saboda wannan.

Kaya ɗaya-ɗaya

Shinkafa ce ke cin kaso mafi girma, ita ce kuma aka fi yin kuskure a kanta, domin sunan kamfani bai gaya maka irin shinkafar ba. Abu Kas, Al Walimah, Al Shalan, kowanne yana da iri fiye da ɗaya. Mazza, wadda ake kuma ce wa sela, basmati ce da aka turara, launinta ya ɗan yi rawaya, ba ta caɓewa, ita ce ta dafa-duka da shinkafa da miya ta taron biki. Farar basmati ta fi ƙamshi amma tana son ruwa kaɗan da hannu mai sanyi. Abu Bint turararriya ce irin ta Amurka, ita ta fi kama da 'yar gwamnatin da aka sani a gida. Babu ɗaya a cikinsu da ke yin tuwo mai kyau. Tuwon shinkafa da masa gajeriyar shinkafar Masar suke so, ruz masri, mai danƙo. Buhuna sukan zo a kilo 5, 10 da 40. A ce mai kilo 10 riyal 70 ne, mai kilo 5 kuma an yi masa ragi zuwa 32. Ƙananan biyu sun zama 64, sun fi babban sauƙi. Irin wannan na faruwa sosai, don haka kada girman buhu ya sa ka daina lissafi. Kada kuma gidan mutum uku ya sayi mai kilo 40 a lokacin zafi. A ɗumin Jidda ƙwari za su riga ku cinye ta, sai idan akwai roba mai murfi da ke rufuwa ruf da wuri mai sanyi.

Man girki yana zuwa a kwalaben da suka yi kama da juna amma ba ɗaya ba, wata lita 1.5, wata 1.8, wani lokaci a ɗaure biyu da 'yar ƙarama a tsakiya. Raba kuɗin da jimillar lita. Man masara ya fi tsada, na suya kuwa, ƙosai ko sambusa, man ganye na yau da kullum ya wadatar.

Kaza ana sayar da ita ne bisa nauyi: giram 800, 900, 1000, 1100, 1200 da sama, kwali kuma yawanci guda goma. Rangwamen da ka gani da babban rubutu sau da yawa na mai giram 800 ko 900 ne. A ce ta 900 riyal 13 ce, ta 1200 kuma 16. Kilon ta farko ya haura 14, na ta biyu bai kai 13 da rabi ba. Akwai mubarrad, wadda aka sanyaya kawai, ta gonakin ƙasar irin su Al Watania, Fakieh, Tanmiah da Alyoum, wa'adinta kwanaki ne. Akwai mujammad, daskararriya, ciki har da Sadia ta Brazil da Doux ta Faransa. Idan ka ga ƙanƙara mai jini-jini ta taru a gefe ɗaya na ledar, alama ce ta narke an sake daskarar da ita, ajiye ta. Ɗauki daga ƙasan firiza, ba ta saman da hannu ke ta taɓawa ba.

A wajen nama, karanta ƙasar da ya fito. Na'imi da Najdi da Harri tumakin ƙasar ne, su suka fi tsada. Sawakini na Sudan ne, sunansa daga tashar Sawakin, wadda kakanninmu masu zuwa hajji ta ƙasa suke tsallako Bahar Maliya daga cikinta, kuma namansa ya fi sauƙin kuɗi. Daskararren naman Indiya mai araha na ɓauna ne, yana da tauri, yana son doguwar dahuwa, ya yi wa miya amma bai yi wa tsire ba. Mahaucin kanti zai yanka maka yadda ka ce ba tare da ƙarin kuɗi ba, kawai ka faɗa kafin ya sa wuƙa.

Garin wanki yana da tarkonsa. A nan manyan kamfanoni suna raba shi biyu, mai shuɗin kwali na injin wanki na gargajiya da wankin hannu, mai koren kwali na injin otomatik. Wanda ya zuba shuɗi a injin mai ƙofa a gaba zai ga kumfa ta cika ta fito ƙasa, kayan kuma ba su ɗauraye ba. Famfas a lissafa shi da ƙwaya, domin adadin da ke cikin kwali yana raguwa yayin da lambar girma ke hawa. Kada a tara kwali uku na lamba ɗaya ga jaririn da ke girma duk wata.

Madarar kwali mai daɗewa, irin ta Saudia ko Almarai ko Nadec, tana zuwa lita goma sha biyu a kwali, ita ce ta saye a rangwame a ajiye. Sabuwar madara da laban, wato nono, kwanakinsu kaɗan ne. Ma'aikata suna jera mai kusa da ƙarewa a gaba, miƙa hannu baya. Kowane kaya yana da kwanan wata biyu, intaj ranar da aka yi shi, intiha ranar ƙarewarsa. Rangwamen da ya yi zurfi ƙwarai a kan cuku ko mayonis ko lemo, duba intiha tukuna. Idan saura sati uku kuma gidanka zai cinye a sati biyu, riba ce. Idan ba haka ba, kwandon shara ka saya wa.

Abin da ba na babban kanti ba ne

Tumatir, albasa, dankali, lemon tsami da kankana na babban gida a halaga, wato kasuwar sarin kayan lambu, ake sayensu: halagar Jidda, Ka'akiyya a Makka, Aziziyya a Riyad. A je bayan sallar Asuba. Ana sayarwa kwali-kwali, don haka gida biyu ko uku su haɗa kuɗi su raba. A ɗaga saman kwalin a duba na ƙasa, kowa ya san inda ake ɓoye ruɓaɓɓe. Uwargida ta markaɗa tumatir da tattasai da albasa a ranar, ta tafasa har ruwan ya tsane, ta ƙulla a leda daidai miya ɗaya-ɗaya ta jefa firiza. Kifi a Jidda, kasuwar Bangala ce gidansa.

Wasu kayanmu suna nan a kantuna da kuma wajen masu kayan ƙamshi, sunansu ne kawai ya canza. Gero dukhun ne, zoɓo karkade, tsamiya tamar hindi, wake lubiya, gyaɗa ful sudani, lalo mulukhiyya, busasshiyar kuɓewa kuma weka a shagunan 'yan Sudan. Samid, wato garin semo, yana yin tuwo. Daddawa, kuka, manja, garin rogo da yajin tsire kuwa babu babban kantin da zai ba ka, sai wajen mutanenmu, irin na Shari'a Mansur a Makka. A Jidda, rushe tsofaffin unguwanni irin su Gulel da Karantina da Sabil da aka yi daga ƙarshen 2021 ya watsa masu wannan sana'ar, yawanci yanzu ta waya ake samunsu, a tambayi matan unguwa.

Robobi, cokula, maratayin kaya da kayan wasan yara, shagunan abu khamsa, wato na riyal biyar-biyar, sun fi sauƙi. Amma kada a sayi abin da ake jona wa wuta a can, ko abin shafawa a jiki da ba a san kamfaninsa ba.

Ranar zuwa

Safiyar ranar aiki ita ce lokaci mafi daɗi, kanta cike, layi babu. Mafi muni daren Alhamis da daren Juma'a, da kwana uku bayan albashi. Tun 2021 an bar shaguna su ci gaba da aiki a lokutan salla, amma wasu rassan har yanzu suna dakatar da kashiya, ranar Juma'a kuma ana rufewa don sallar Juma'a. A je da ciki a ƙoshe, kuma idan da hali a bar yara a gida, domin alewar da aka jera a bakin kashiya daidai tsayin idonsu take.

Fara da masu nauyi, shinkafa da ruwa da garin wanki a ƙasan arabiyya, sannan gwangwanaye, sannan kayan lambu, daskararru a ƙarshe. Kayan lambu da 'ya'yan itace ana auna su ne a sashensu, a manna musu takardar farashi. Wanda ya kai su kashiya ba a auna ba sai ya koma, layi na jiransa. Dubi takardar da aka manna, domin tumatirin gida da na waje suna zaune kusa da juna, kuɗinsu kuwa ya yi nisa, kuma mai awo na iya danna lambar da ba ita ba. Duk abin da ka yi shakkar farashinsa, akwai na'urar duba farashi a jikin ginshiƙai, nuna mata lambar kayan. Sau da yawa takardar rangwamen ta wani girma ce ko wani ɗanɗano, an ajiye ɗan'uwansa a wurin.

A wajen kashiya idonka na kan allo. Biya da katin banki na mada yana cire daidai har halala, wato kwabon riyal. Idan tsabar kuɗi ne, canjinka haƙƙinka ne, Ma'aikatar Kasuwanci ta daɗe da hana a ba mutum cingam a madadinsa. Tabby da Tamara masu raba biya kashi-kashi suna da amfani ga firji ko injin wanki, amma ba mu ga hikimar cin bashin abincin da zai ƙare kafin a gama biyansa ba.

Kada ka bar ƙofar kanti sai ka karanta fatura, minti biyu ne. Abubuwa uku ake nema: abin da aka buga sau biyu, rangwamen da bai sauka ba, da adadin da ya wuce abin da ka ɗauka. Idan farashin kanta ya saɓa da na fatura, ɗauki hoton takardar kanta, ka je teburin khidmatul umala, wato na kula da masu saye, a nan take, galibi za su mayar da bambancin. Idan aka ƙi, ana kai ƙara ga Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900 ko manhajar Balagh Tijari, da hoton da faturar. Abincin da ya lalace ko wa'adinsa ya wuce kuma, Hukumar Abinci da Magunguna tana da lamba 19999. Rubutun fatura yana gogewa da zafi, don haka ta kayan lantarki a ɗauke ta hoto a ranar. Daga nan gida kai tsaye. A zafin Makka na watan Yuli, rabin sa'a a bayan mota ya isa ya narkar da kaza, sai an tanadi jakar sanyi.

Manhajojin kawo kaya gida, Nana da Ninja da HungerStation da na kantunan kansu, sun fi amfani ga ruwa da abubuwa masu nauyi, musamman ga wanda ke hawa na huɗu babu lifta. Farashinsu ba lallai ya zama na cikin kanti ba, akwai kuɗin kawowa, kuma idan abin da ka zaɓa ya ƙare za a iya musanya maka da wani. Kayan lambu da nama gara idonka ya gani.

Ga Alhaji da Hajiya masu haɗa tsaraba

Cefanen kwanakin zama, ruwa da burodi da madara da 'ya'yan itace, a yi shi a babban kanti mai rubutaccen farashi. Tsaraba mai yawa kuwa a ɗan matsa daga Harami, a Makka a nufi Aziziyya. Dabino a Madina, kasuwar dabino ta fi kanti yawan iri kuma ana ɗanɗanawa ana ciniki. Ajwa ce mai tsada. Safawi da Mabrum da Khudri suna jure tafiya. Sukkari mai laushi yana son sanyi, idan ya yi kwanaki a jaka a sansanin alhazai zai yi tsami kafin ya isa Kano ko Damagaram. A sayi ɗan sikelin rataye tun ranar farko a riƙa auna jaka, domin abin da ya haura nauyin da jirgi ya yarda a filin jirgi ake barinsa.

Kayan lantarki suna son duba na musamman. Wutar Saudiyya tana gudu a kan 60Hz, ta Najeriya da Nijar a kan 50Hz. Juya kayan ka karanta ƙaramin allon da ke baya ko ƙasa. Idan an rubuta 50/60Hz, kamar yawancin cajar waya da talabijin, babu damuwa. Idan 60Hz kaɗai aka rubuta a kan abu mai mota a ciki, firji ko injin wanki ko na'urar sanyaya ɗaki, a gida zai yi gudu ƙasa da ƙa'ida, ya riƙa zafi, ya mutu da wuri. Garantin shekara biyu da doka ta ba mai saye a hannun wakilin kamfanin na Saudiyya yake, ba ya bin kaya zuwa gida. Filogin nan mai ƙafa uku daidai yake da na Najeriya, mutanen Nijar kuma su haɗa da abin sauya baki zuwa mai ƙafa biyu. Batirin ajiyar caji a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi a cikin babbar jakar da za ta shiga ƙasan jirgi ba.